Yau Muka Sare Turaren Bayan Gida

Asabar, ƙarshen watan Mayu. Ɗorayi, Kano.

Da na dawo daga sallar asuba ban shiga ɗaki ba, sai na zaga bayan gida na tsaya a gindin bishiyar turaren nan. Reshen da iskar shekaranjiya ta karya yana nan yana reto a saman kwanon Alhaji maƙwabcinmu, kaurinsa ya kai cinyar babban mutum. Na daɗe a tsaye hannuna a jikinta. Ɓawonta na saɓulewa kamar yadda ta saba, sabon jiki fari sol yana fitowa daga ƙasa. Na san yau za a sare ta, ni ma na kira mai saran, amma duk da haka zuciyata ba ta yi mini daɗi ba.

Ran Alhamis da yamma Alhaji ya yi mini sallama. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, ba ƙara na kawo ba, so nake ka zo ka gani da idonka." Ya nuna mini tsagewar da katangar tsakaninmu ta yi tun daga tushe, ya nuna mini indararonsa da ganye ya toshe. Ban iya cewa komai ba, domin ko a watan jiya da mai gyaran famfo ya buɗe bututun da ke zuwa sokawe a gidana, saiwoyi ya zaro cunkus guda kamar tsohuwar tsintsiya. Shekara biyu ke nan Alhaji yana share ganyen bishiyata bai taɓa ɗaga mini murya ba. Kunya ta kama ni sosai.

A daminar 2018 na dasa ta, shekarar da muka tare a gidan nan. Lokacin babu inuwa ko ta tsayuwar akuya a layinmu, sai rana da ƙura. Na sayo dashe uku a leda a wurin masu sayar da shuke-shuke na bakin titi, kowanne bai fi kamu ɗaya ba. Mai sayarwar yana kiranta zaiti, mu kuwa a gidanmu turare muka taso muna cewa. Inna ta ce mini in sa darbejiya, na ce darbejiya za ta ɗauki lokaci, ni sauri nake. Gara ta cinye ɗaya tun bai yi wata biyu ba, ta ƙasa ta bi shi, da safe kawai na ga ya langaɓe. Daga nan na koyi zuba toka a kewayen gindi da janye busasshiyar ciyawa daga jikin dashen. Biyun da suka rage, ɗaya na ƙofar gida ɗaya na baya, na yi ta sayen ruwa wurin 'yan garuwa ina ba su har suka ƙetare rani na farko. Bayan wannan ban ƙara ba su ko kofi ɗaya ba. Cikin shekara uku sun wuce rufin gidan, ina ta murna, ban tsaya na tambayi kaina inda suke samun ruwan da suke wannan girma da shi ba.

Sai daga baya na karanta cewa asalinta daga Ostireliya take, kuma danginta sun haura iri 700. Irin da ya fi yawa a nan Arewa, can a ƙasarsu a gaɓar koguna yake fitowa, yana kaiwa mita 30 har ya wuce. Bishiyar bakin kogi na ɗauko na dasa taku huɗu daga sokawe, taku biyu daga katangar mutane. Ita ba ta yi laifin komai ba, ruwa ta nema ta kuma same shi.

Wajen ƙarfe takwas Baba mai saran itace ya iso da yaransa biyu, da igiyoyi da gatari da zarto. Dattijo ne, mutumin wajen Dambatta. Ya zaga bishiyar sau biyu, ya ɗaga kai ya dubi wayar wuta, sannan ya tambaye ni, "Malam, kashe ta kake so a yi, ko ladabtar da ita?" Na ce ban gane ba, Baba. Ya ce turare ba ta mutuwa don an sare ta. In aka yanke ta ƙasa-ƙasa aka bar kututturen, da ruwa ya sauka za ta yi toho bila adadin. Sai in bari su yi ƙwari, in zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi in cire sauran. Duk bayan shekara biyu zuwa uku in sake sarewa tun ba su kai tsayin da za su yi ɓarna ba, in sami tsarnu da dirka, ko in sayar wa magina masu tokare rufin kankare. Wallahi sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

Na ce to saiwoyin fa? Nan ya ba ni labarin garinsu, inda hukuma ta dasa layuka na turare tun da daɗewa don tare iska da kwararowar hamada. Ya ce iskar kam ta taru, amma geron da ke kusa da layin sai ya riƙa tsumburewa, har sai da aka gane a haƙa rami a gefen gonar a datse saiwoyin da suka kutso ciki. Ya ce haka za mu yi a nan: rami mai zurfin mita ɗaya tsakaninta da katanga da sokawe, a sare duk saiwar da aka tarar, a jera tsohon langa-langa a tsaye a ciki, a mayar da ƙasa. Bai ɓoye mini ba, ya ce ba magani ne na har abada ba, wata rana za ta bi ta ƙarƙashi, sai an riƙa tonawa ana dubawa. In kuma na ga katangar ta ci gaba da tsagewa, to in haƙura a tumɓuke kututturen.

Aikin saran ya kai mu har azahar. Ɗaya daga cikin yaran ya hau da igiya a ƙugu, reshe-reshe suka riƙa saukewa a hankali, ko ɗaya bai taɓa kwanon Alhaji ba. Ƙamshi ya cika layin gaba ɗaya, irin ƙamshin nan na man shafawar mura. Da aka zo kan gangar jikin, Baba da kansa ya karɓi zarto ya yanke ta a karkace, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, don kada ruwan sama ya kwanta a kai ya ruɓar da ita. Lokacin da ta faɗi na juya baya.

Kafin a kwashe rassan, yara sun fara sallama, wai an ce a sam musu ganyen turare na surace. Uwargida ce ta tsaya tana rabawa, tana kuma jaddada wa kowa cewa a gaya wa iyayensu tururin ake shaƙa, kuma a yi nesa da ƙananan yara da tukunyar ruwan zafin. Ni kuma abin da na fi tsoro shi ne man turaren da ake sayarwa a kwalba. Mutane na ganin tunda daga ganye ya fito ba ya cutarwa, alhali kaɗan daga cikinsa in yaro ya sha yana iya sa shi jijjiga, har ya kai ga rasa rai.

Uwargida ba ta ɓoye farin cikinta ba. Shekara nawa tana shuka alayyahu da yakuwa a kusurwar nan ba sa yin komai, lemun tsaminta ma ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ƙasar wurin kullum a bushe take ƙamas, ganyen turaren kuma ba ya saurin ruɓewa balle ya zama taki, ko awaki ba sa kula shi. Tun kafin la'asar har ta aiki yaro ya nemo mata irin kuɓewa.

Ta ƙofar gida tana nan, ba mu taɓa ta ba sai rassa biyu da suka doshi wayar wuta. Tana da fili, babu bututu kusa da ita. Sai dai Baba ya ce in daina barin yara suna shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, domin turare kan saki reshe ko babu iska. Autarmu ta tsinto 'ya'yan bishiyar masu kama da ƙananan ƙoƙuna ta tara a faranti. In sun bushe za su buɗe, irin ya zubo, siriri kamar garin barkono. A saman ƙasa mai yashi ake barbaɗa shi, ba a binnewa. Na yi mata alkawarin za mu raine su a leda mu kai makarantarmu, can ƙarshen filin ƙwallo inda babu gini ko ɗaya.

Bayan la'asar muka fara haƙan ramin. Ba mu yi nisa ba sai ga babban ɗan Alhaji da diga a kafaɗa da jarkar zoɓo mai sanyi, wai Abba ya ce ya zo ya kama mana. Ƙasar ta yi tauri ƙwarai, rabi kawai muka ci kafin magariba, mun kuma ci karo da wata saiwa mai kaurin damtse da ta nufi ƙarƙashin katangar kai tsaye. Gobe bayan asuba za mu ƙarasa in Allah Ya kai mu. Yanzu da nake wannan rubutu hadari ya haɗo daga gabas, na fita na rufe ramin da langa-langa na danne da bulo.