Abin da na koya game da ƙarfin hannu a ɗakin leƙen ciki

Tunda abokan aiki sun riga sun ji cewa na bar sashen gyaran kayan aiki na asibitinmu da ke karkarar Jigawa, na ga ya dace in rubuta abin da na fahimta game da na'urar leƙen ciki, wato endoskof, domin wanda zai gaje ni da kuma matasan da ke karatun injiniyancin kayan asibiti.

Tun daga 1868, lokacin da wani likita mai suna Kussmaul ya zura bututun ƙarfe a cikin wani mai wasan haɗiye takobi a Jamus, zuwa 1957 da Basil Hirschowitz ya fito da na'ura mai lanƙwasuwa ta zaren gilashi a Jami'ar Michigan, ƙoƙarin maƙera ya fi karkata ga idon likita. An samu nasara a nan, domin hoton yau tar yake. Sai dai likita abin da ke gaban kan na'urar kawai yake gani, alhali idan babban hanji ake dubawa, fiye da mita guda na jikinta yana kwance a ciki, babu mai ganin yadda ya naɗe. A ƙasan ciki ta hagu akwai wani sashe mai lanƙwasa da ake kira sigimoid, wanda ba a ɗaure yake sosai ba. Idan na'ura ta yi gammo a wurin, likita zai yi ta turawa, hoton bai matsa ba, ƙarfin duka yana ƙarewa a bangon hanji da tantanin da ke riƙe da shi, kamar mai tura tiyon ban ruwa ta cikin hannun riga. Daga nan zafin yake fitowa, kuma a nan aka fi samun hujewar hanji. Maganin gammo shi ne a ja baya, a murza, a miƙar da na'urar, ba a ƙara turi ba.

A ƙasashen da ake ƙidaya, hujewa a binciken da ba a yanke komai ba ba ta kai 1 cikin 1,000 ba, kuma idan ta faru ɗakin tiyata yana kusa. Mu kuwa mutanenmu sukan zo ne bayan sun daɗe suna shan maganin basir a kan jinin da ba na basir ba, yawancinsu dattawa, jiki ya riga ya yi laushi. Idan hanji ya ɓule a wurinmu, sai an nemi mota, an nemi jini, an kama hanyar Dutse ko Kano. Kamfanin Olympus yana da na'urar da ake iya sauya taurinta ana cikin aiki, da wata mai nuna yadda ta naɗe a ciki ta hanyar maganaɗisu, a Jami'ar Leeds ta Ingila kuma ana gwada wadda maganaɗisu ke jan kanta daga waje maimakon a turo ta daga baya. Duk waɗannan sun fi ƙarfin aljihunmu.

Wannan ne ya sa na haɗa wani ɗan mariƙi da ake maƙala wa bututun a inda hannu ke kamawa. Na ciro ma'aunin nauyi daga sikelin kanti, na haɗa shi da fitila mai kawo ja idan turi ya wuce iyakar da aka sa. Ban taɓa kai shi kusa da majiyyaci ba. Ranar kasuwa nakan karɓo hanjin bijimin sa wurin mahauta, in wanke, in shimfiɗa a akwatin katako da lanƙwasa irin ta mutum, mu gwada da tsohuwar na'urar da aka daina aiki da ita. Na ga wani matashin likita ya tura, fitila ta kawo ja, ya ɗaga murfin akwatin ya ga hanjin ya miƙe ya yi fari kamar zai tsage, alhali shi a hannunsa bai ji wani abin a zo a gani ba. Tun daga ranar salon riƙonsa ya sauya.

Da na kai wa shugaban sashen, na ce masa: "Ranka ya daɗe, ga abin da nake ganin zai taimaki masu koyo." Bai ko taɓa shi ba. Ya ce: "Malam, aikinka shi ne ka tabbatar akwai wuta. Hannun da ya daɗe yana wannan aiki ba ya buƙatar sikeli." Ya hana gwajin, na kuma bi umarni. Amma bayan wani lokaci, da wayar da ke lanƙwasa kan sabuwar na'ura ta tsinke ana tsakar aiki a hannunsa, sai ya rubuta cewa gwaje-gwajena ne suka lalata ta. Kowa a sashen ya san ban taɓa gwaji da ita ba, sista mai riƙe da mabuɗin ɗakin ta fi kowa sani, amma babu wanda ya iya buɗe baki. Ni aka ba takardar tuhuma, kuma tana nan a fayil ɗina har yau.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ɗan ƙaramin abu ya tsone masa ido haka. Abin da na gano shi ne, a ɗakin nan sista ce ke kallon fuskar dattijon da ake dubawa yana cije leɓe yana salati, ita ce tafinta ke kan cikinsa tana jin gammon yana tasowa, amma tarbiyya da tsoron manya ba za su bar ta ta ce a dakata ba. Fitila kuwa ba ta jin nauyin kowa. Saboda haka duk mai ƙera na'urar da ke iyakance ƙarfi ya sani cewa yana shiga tsakanin babba da na ƙasa da shi, kuma ya sa alamar inda duk wanda ke ɗakin zai gani, kada ya ɓoye ta a allon likita shi kaɗai.

Sauran darussan gajeru ne. Ƙarfin da aka auna a hannu ba shi ne ainihin wanda bangon hanji ke ɗauka ba, don haka ma'auni na gaskiya a jikin bututun ya kamata ya zauna. Duk abin da ba zai jure wanki da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta ba, kada a soma shi. A yi lissafin ɗaukewar wuta tun daga zane. Wanda zai gaje ni kuma ya buɗe littafi, duk mai ɗaukar na'ura ya sa hannu da kwanan wata da halin da ya mayar da ita, komai girmansa. Zanen mariƙin da akwatin suna wurin matashin likitan nan, wanda ya nemi in bar masa su.