Wa zai biya gyaran? Abin da mai gyara ke gani a gidajen haya

Kamfanina ƙarami ne, aikinmu gyaran kayan lantarki na gida: firji, injin wanki, na'urar sanyaya ɗaki da hitar ruwan zafi. Yawancin kiran da muke samu daga gidajen haya ne, irin waɗanda ake bayarwa da kaya a ciki. Gyaran kansa ba ya cika ba mu wahala. Rigimar tana farawa ne bayan an rufe inji, mai gida da ɗan haya kowa ya zuba maka ido yana jira ka ce ɗan'uwansa ne zai biya.

Ƙa'idar da aka fi bi ba ta da sarƙaƙiya. Abin da mai gida ya saka a gidan, in tsufa ko amfanin yau da kullum ya kashe shi, gyaran nasa ne. Abin da sakaci ko ganganci ya lalata yana wuyan ɗan haya, ko da yaronsa ko baƙonsa ne ya yi ɓarnar. Wanda kuma ɗan haya ya zo da shi, shi da kayansa. Sai dai doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila, sashe na 11 na dokar mai gida da ɗan haya ta 1985 ya ɗora wa mai gida gyaran hanyoyin ruwa, gas, wutar lantarki, banɗaki da abin ɗumama ɗaki da ruwa, amma bai haɗa da firji ko injin wanki ba. Waɗannan sai a duba abin da yarjejeniya ta ce. Shi ya sa kafin na tura yarana aiki nake tambaya ko akwai takarda, kuma me aka rubuta a ciki.

Namu shi ne faɗin musabbabi, kuma inji ba ya iya ɓoye abin da ya same shi. Firjin da ya daina sanyi saboda kwamfaresa, wato injin da ke zagaya da gas ɗin sanyi, ta gaji bayan shekaru tana aiki, ko robar ƙofa ta bushe ta tsage, wannan tsufa ne. Amma in na buɗe ɗakin ƙanƙara na ga ɗan rami mai kaifin baki a jikin farantin sanyi, na san an sa wuƙa ne don ɓamɓare ƙanƙara, aka huda bututu gas ya tsere. Kusan kowa cewa yake yi haka kawai ya wayi gari ya gani. Ba na musu da shi, hoto nake ɗauka. Abin ma akwai haɗari, domin firji da yawa na yanzu da gas ɗin R600a suke aiki, shi kuwa yana kama wuta.

Injin wanki ya fi kowa tona asiri. Famfon fitar da ruwa ya tsaya, ka kwance shi, ga tsabar kuɗi, ga ƙarfen rigar mama, ga abin ɗaure gashi. Wannan ba ruwan mai gida. Boris kuwa, wato ƙarfen da gangar injin ke juyawa a kansa, hukuncinsa da wuya: yana mutuwa da tsufa, yana kuma mutuwa da wuri in ana cusa wa injin kaya fiye da ƙarfinsa. In injin ya kwana biyu a duniya, tsufa nake ba laifi, don ba ni da hujjar ɗora wa mutum abin da ban gani ba. Haka hita: farin dutsen da ruwa ke tarawa a jikin ƙarfen zafi ba laifin kowa ba ne, amma kunna ta babu ruwa a ciki har ƙarfen ya ƙone, wannan hannun mutum ne.

Inda masu haya suka fi cutar kansu shi ne shiru. Na'urar sanyaya ɗaki ta fara ɗiga saboda bututun fitar da ruwa ya toshe. Aiki ne na ɗan lokaci kaɗan, kuma sau da yawa mai gida zai ɗauka ba gardama. Sai ɗan haya ya tara bokiti ya ci gaba da harkarsa, ko don gudun a ce shi ya ɓata, ko don ganin ba abin tayar da hankali ba ne. Bayan watanni fenti ya kumbura, bango ya yi fumfuna, katakon ƙasa ya ruɓe. Toshewar ba laifinsa ba ce, amma ɓarnar da ta biyo bayan shirunsa ana iya ɗora masa, kuma a ganina da gaskiya. Saƙo guda a rubuce, da hoto da kwanan wata, da ya raba shi da wannan. Kiran waya ba ya barin shaida. Ƙananan abubuwa kamar wanke matatar ƙura ta na'urar, canza ƙwan fitila da share bayan firji, dama na mai zama a gidan ne.

Masu gida ma da nasu halin. Wanda na fi gani shi ne son a biya su sabo a madadin tsoho. Firji ya shekara takwas yana aiki, ɗan haya ya huda shi, sai a nemi cire kuɗin sabo dal daga kuɗin ajiyar da ya bayar lokacin kama hayar. Abin da ya lalata tsohon firji ne, darajar tsohon ya kamata ya biya. Akwai kuma mai jan ƙafa, a faɗa masa hita na jan mutum ya ce sai wata mai zuwa. Irin wannan ba na rufa masa asiri: ina cire wa na'urar wuta, in rubuta cewa kada a kunna sai an gyara, in ba kowannensu kwafi. Wani kuma zai miƙo mini makulli ya ce na shiga kawai. Ba na shiga gidan da mutum ke haya sai da saninsa, in ba yoyon gas ko ruwa mai ambaliya ba.

Ɗan hayan da ya gaji da jira yakan so ya kira nasa mai gyaran ya cire kuɗin daga haya, ko ya riƙe hayar gaba ɗaya. Wasu wuraren doka ta yarda da na farkon bisa sharuɗɗa, bayan an sanar da mai gida a rubuce an ba shi lokaci. Wanda ya yi gaban kansa kuwa yana iya zama mai bashin haya, ga shi in kayan na da garanti, buɗewar wani daban na iya soke shi.

Tun ran gini ran zane. Masu gidan da muka daɗe tare yanzu suna kiranmu ranar da sabon ɗan haya zai shiga. Mu kunna kowane inji a gabansu, mu ɗauki hoton lambar da ke jikinsa da duk wata lotsawa ko tsatsa, su biyun su sa hannu. In an yi gyara daga baya, abin da muka cire ba ma yarwa: muna sa shi a leda, mu rubuta rana da abin da muka gani, mu ajiye har sai an biya kuɗin aikin.