Kafin ku dogara da alƙaluman wani ƙauyen Indiya

Ɗalibanmu da ke karatu a jami'o'in Indiya, musamman masu nazarin raya karkara ko lafiyar al'umma, sukan samu kansu da aikin bincike a wani ƙauye, kuma abin da suke fara nema shi ne yawan mutanensa da hanyar zuwa. Shawarata gare ku, ƙannena, ita ce kada ku tsara aikinku a kan abin da kundin ƙidaya ya ce kawai, domin haka na yi game da wani ƙauye a tsibirin Majuli na jihar Assam, kuma na ji a jikina.

Alƙaluman ƙauyuka da kowa ke kwafowa na ƙidayar 2011 ne, saboda annobar korona ta sa an ɗage wadda aka shirya yi a 2021. A 2011 mutum miliyan 833 ne ke zaune a karkarar Indiya, a ƙauyuka kusan dubu 600. Ni kuwa na ɗauki adadin gidajen da na gani a kundin tamkar jiya aka ƙirga su, alhali kogin Brahmaputra yana zaizayar gaɓar Majuli duk damina. Da na isa, sai na tarar wasu iyalan da nake nema sun kwashe kayansu sun kafa bukkoki a kan ganuwar tare ambaliya, gonakinsu kuma tuni ruwa ya cinye.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rashin sanin cewa abin da kundin ke kira ƙauye ɗaya yanki ne na harajin ƙasa, wanda kan ƙunshi unguwanni da yawa a warwatse. Wannan ya shafi hanya kai tsaye. Shirin gina hanyoyin karkara na gwamnatin tarayya, PMGSY, da aka ƙaddamar a Disambar 2000, yana duba yawan mutanen kowane matsuguni ne: mai mutum 500 zuwa sama a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya cancanci hanyar da ake bi rani da damina, a yankunan tsaunuka da hamada da na ƙabilu kuma an rage ma'aunin zuwa 250. Saboda haka takarda na iya cewa ƙauye yana da kwalta, kuma ba ƙarya ta yi ba, amma kwaltar ta tsaya a babbar unguwa. Ƙananan unguwannin da na fi buƙata, inda 'yan ƙabilar Mising ke gina gidajen gora a kan dirkoki don ruwa ya wuce ta ƙarƙashi, sai da na tuɓe takalmi na ratsa taɓo kafin na kai gare su.

Nisan da taswira ta nuna ma ya ruɗe ni. Daga birnin Jorhat ana hawa mota zuwa mashigar Nimati, a shiga jirgin fito da ke ɗaukar mutane da babura da 'yan motoci zuwa Kamalabari da ke tsibirin Majuli, tafiyar da kan haura awa guda. Jiragen na aiki ne da rana, kuma idan kogi ya cika sosai hukuma kan dakatar da su. Ni da na sa ranar bincikena a tsakiyar damina, wadda ke kamawa daga Yuni zuwa Satumba, na kwana a gaɓa ba da niyya ba.

Kafin ku buga takardun tambayoyinku, ku nemi mai unguwa, wanda a Assam ake kira gaonburha, sannan ku je wurin ma'aikaciyar lafiya ta ƙauyen, wadda ake kira ASHA, domin ita ke bin gida-gida kuma ta san wanda ya haihu da wanda ya yi ƙaura. Ku tambaye su unguwa nawa ce a ƙarƙashin sunan ƙauyen, wacce mota ke kaiwa, da ƙarfe nawa jirgin ƙarshe ke tashi a watan da za ku je.