Jiki Ba Ya Yafe Bashi: Shekaruna a Gudun Dogon Zango

Na shiga gudun dogon zango ina da shekara goma sha bakwai, na ajiye shi ina da talatin da biyar. Da farko tseren mita 5,000 da na mita 10,000 nake yi a cikin fili, daga baya na koma kan titi, inda na ƙare da gudun fanfalaki mai tsawon kilomita 42 da mita 195. Ban taɓa samun lamba a gasar Olamfik ba, amma na kai matsayin da masu shirya manyan tseren birane suke aiko mini da gayyata, su ɗauki nauyin jirgi da masauki, su tsayar da ni a sahun gaba tare da matan da duniya ta san sunayensu.

A shekarun da nake ganiyata, nakan yi gudun kilomita 160 zuwa 180 a mako, sau biyu a rana, kuma galibin watannin shiri a garin Iten na ƙasar Kenya nake yin su, wanda yake kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400 daga doron teku. Amfanin irin wannan wuri shi ne iskar oksijin da ke shiga jini tana raguwa, sai jiki ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini don cike giɓin, kuma idan 'yar tsere ta sauko ƙasa bayan makonni uku ko huɗu takan ji numfashinta ya ƙara faɗi. Abin da ya fara ba ni mamaki a can shi ne yadda gwanayen mata suke fara gudun safe a hankali ƙwarai, har mai kallo ya ɗauka ba su san abin da ya kawo su ba. Ni kuwa kullum sai na wuce gaba, ina ganin alamar himma ce. Sai ranar atisayen sauri ta zo, su da suka adana ƙarfinsu su bar ni a baya ina haki. Na yi kusan shekara guda kafin na yarda cewa ranar sauƙi aikinta shi ne ta bar tsoka ta gyaru, kuma duk wadda ta cinye ranar sauƙinta da gaggawa ita ce za ta rasa abin kashewa a ranar wuya.

Wannan kuskure ƙarami ne idan aka kwatanta shi da wanda ya kusa raba ni da sana'ar baki ɗaya. Ina da shekara ashirin da biyu kocina na lokacin ya dube ni ya ce, "Yarinya, da za ki rage kilo biyu da babu mai kamo ki." Na rage biyun, na ƙara da wasu biyu don kaina, kuma ba zan ɓoye ba, lokutana sun yi kyau na tsawon watanni. A cikin wannan tsakanin jinin al'adata ya ɗauke. Maimakon in damu sai na yi murna, domin a tsakaninmu 'yan tsere ana ɗaukar hakan shaidar cewa mace ta shiga horo sosai, ga shi kuma an huta da fargabar ya zo ranar gasa. Na shafe kusan shekara biyu a haka ban faɗa wa kowa ba, kuma babu wanda ya tambaye ni.

Ciwon ya fara ne a ƙwauri, wuri ɗaya da zan iya nunawa da ɗan yatsa, na ci gaba da gudu a kansa har hoton ƙashi ya nuna tsagewa. Na warke, na koma, bayan wata biyar ƙashin ƙugu ya tsage. A nan ne na haɗu da wata likita dattijuwa wadda, kafin ta ko dubi hoton, ta tambaye ni yaushe rabona da al'ada. Da na ba ta amsa sai ta ajiye alƙalaminta ta ce, "'Yata, ƙashinki ba shi da laifi, yunwa kike sa wa jikinki." Ta bayyana mini cewa idan abin da mace take ci bai kai abin da atisaye yake ƙonawa ba, jiki yakan rufe ayyukan da yake ganin za a iya jinkirtawa, kuma na farko a cikinsu shi ne na haihuwa. Sinadarin istrojin yana raguwa, kuma shi ne yake taimaka wa ƙashi ya riƙe ƙwarinsa, saboda haka ƙashin da ake dukan ƙasa da shi dubban sau a kowace safiya yana lalacewa fiye da yadda yake ginuwa. A shekarar 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya ba wa wannan matsala suna RED-S, ya kuma nuna cewa tana taɓa maza ma, sai dai a wurin mata alamar a fili take ga duk wanda ya damu ya tambaya.

Na daɗe ina jin haushin kocin nan, amma da na yi nazari sai na ga cewa abin da ya gada ya ba ni. Sai a 1972 aka amince mata su shiga gudun fanfalaki na Boston a hukumance, sai a 1984 aka yi na mata a gasar Olamfik ta Los Anjeles wanda Joan Benoit ta lashe, tseren mita 10,000 na mata kuwa sai a 1988 ya shiga. Derartu Tulu ta Habasha ta ci zinaren wannan tsere a Barcelona a 1992, wato ba wani tsohon tarihi ba ne. Yawancin dabarun horarwa a jikin maza aka gwada su, aka miƙo mana su yadda suke. Wannan bai wanke shi ba, domin tambaya ɗaya ce da bai yi ba.

Na yi wata bakwai ban taka titi da gudu ba, sai gudu a cikin ruwa da tuƙa keke. Na ƙara kilo uku, al'adata ta dawo, aka kuma gano ƙarancin sinadarin ƙarfe a jinina aka magance shi, wanda ke nufin duk zaman da na yi a kan tudu jikina ba shi da kayan gina sababbin ƙwayoyin jinin da na je nema. Dukkan lokutana mafi kyau bayan wannan jinya na yi su, da nauyin da a da nake tsoronsa.

Gudun fanfalakina na farko ya maimaita mini darasin a cikin awa biyu da rabi. Na ji jikina sakayau, na bi rukunin gaba, na ratsa rabin tseren da minti ɗaya da rabi ƙasa da abin da muka tsara, na kuma tsallake kwalbata sau biyu a teburan da ake jerawa duk bayan kilomita biyar, don kada in rasa taku. Sukarin da tsoka da hanta suke adanawa yana da iyaka, kuma ga mai gudu da irin wannan sauri yakan ƙare a wajajen kilomita talatin idan ba a riƙa ƙara masa ba. Nawa ya ƙare a na talatin da biyu. Minti ɗaya da rabin da na ci a farko sai da na biya shi da minti bakwai. Daga nan na mayar da sha a cikin gudu wani ɓangare na atisaye, domin ciki ma sai an koya masa karɓar abu alhali jiki yana jijjiga.

Na haihu ina da shekara ashirin da tara, kamfanin da ke ɗaukar nauyina ya rage mini albashi saboda kwantiragina ya ɗaure biya da yawan gasar da na shiga, kuma ban karanta wannan sharaɗi da kyau ba ranar da na sa hannu. Sai a 2019, da 'yan tseren Amurka irin su Alysia Montaño da Allyson Felix suka fito fili suka yi magana, aka fara sauya irin waɗannan sharuɗɗa. Matsin kuɗi ya sa na so in kwaikwayi 'yar tseren Birtaniya Paula Radcliffe, wadda ta haihu a watan Janairun 2007 ta kuma lashe tseren New York a watan Nuwambar shekarar. Wannan karon na saurari likita, na ɗauki wata goma sha takwas kafin na sake tsayawa a layin farawa, kuma na samu ƙarin shekaru huɗu ba tare da ƙashi ya sake tsagewa ba.

A cikin waɗannan shekaru sana'ar ta sauya a gabana. Tarihin duniya na gudun fanfalakin mata da Radcliffe ta kafa a Landan a 2003, awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 25, ya yi shekara goma sha shida kafin Brigid Kosgei ta karya shi a Chicago a 2019, sannan Tigst Assefa ta yi awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 53 a Berlin a 2023. Takalma masu kaurin soso da farantin kabon suna da hannu a wannan sauri, ƙwayoyin ƙara kuzari kuma sun jefa zargi a kan kowa. Kowace rana sai na bayyana inda masu gwajin ƙwayoyin za su same ni na tsawon awa ɗaya, kuma kuskure uku a cikin wata goma sha biyu ya isa a dakatar da mutum. Ban taɓa ƙorafi a kan ƙwanƙwasa ƙofa da asuba ba.

Yanzu ina horar da 'yan mata takwas. Kowace tana da littafin da take rubuta kilomitocinta da awannin barcinta da ranakun al'adarta, kuma a ƙarshen wata shafin al'adar nake fara buɗewa. A bara na dakatar da wadda ta fi su sauri na tsawon wata biyu saboda shafin nata ya zo fayau sau uku a jere. Ta yi mako guda ba ta gaishe ni ba.