Fortabul ta wasa ko ta tebur: abin da na gaya wa ƙanena

Daren jiya muna fada muna jiran shayi na biyu ƙanena ya matso kusa da ni yace yaya, kuɗin adashena sun kusa fita, ina son kwamfutar wasa irin taka. Nace masa zauna tukuna mu yi magana, don ni shekara biyu ke nan ina da fortabul ta wasa, wato laftof, kuma akwai abubuwan da na so ace wani ya gaya min kafin in zuba kuɗina.

Lokacin da na saye ta lissafina ɗaya ne, kuran, wato wutar lantarki. Duk wanda ya zauna Damagaram a ƙarshen 2023 ya san abin da nake nufi, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar nan daga can yake zuwa, sai a watan Maris na 2024 aka maido. A wannan hali ace ka sayi ta tebur wadda da zarar wuta ta ƙifta ta mutu, ai ba ma wanda zai saurare ka. Nace fortabul tana da batiri, ko an ɗauke ina ci gaba da wasana.

Ashe ba haka abin yake ba. Batirin irin waɗannan na'urori ba ya wuce 99.9Wh, saboda dokar jirgin sama ta tsaya kan 100, ita kuwa cajar tawa wat 230 ce, to kai ma yi lissafi. Kana zare caja na'urar da kanta take rage ƙarfin kart garafik, wato sashen da yake sarrafa hoton wasa, don kar ta zuƙe batirin, hoton da yake tafiya sumul sai ya fara ɗingishi, kuma duk da haka awa ɗaya da ƴan mintoci ta ƙare. Abin da batirin yake yi min na gaskiya shi ne idan an ɗauke wuta ina tsakiyar aiki ba na asara, ina ajiye komai in kashe a natse. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ban raina shi ba, amma ondila ma, wato akwatin batirin da yake riƙe wuta idan an ɗauke, tana yi wa ta tebur wannan aikin, minti goma ko sha biyar ɗin da take riƙewa sun isa.

Zafi ne ya fi ba ni wahala. Watan Afrilu da Mayu a nan ma'auni yana haura 40 kusan kullum, ɗakina kuma rufin kwano ne ba kilim, fanka ce kawai tana juya iska mai zafi. Waɗanda suke gwada na'urorin nan a YouTube a ɗaki mai sanyi suke gwadawa, mu kuwa iskar da fortabul take ja don ta huce ita kanta kamar daga murhu ta fito. Furosesa, wato sashen da yake tafiyar da lissafin na'urar, idan zafinsa ya kai wajen 95 zuwa 100 sai ya rage gudu da kansa don kar ya ƙone, ina tsakiyar wasan ƙwallo na FC da abokina sai in ji fankokinta suna ihu, wurin maɓallan ya yi zafin da ba ka son ɗora hannu, sai wasan ya riƙa tsinkewa. Na ɗora ta kan bulo biyu, na sayi faranti mai fanka na ƙarƙashi, ya ɗan rage amma bai magance ba, ƙarshe na daina kunna ta da rana sai bayan isha'i.

Sai ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu idan hunturu ya taso, ko ka rufe ƙofa da taga sai ka rubuta sunanka a kan tebur. Raga-ragan da ke cikin fortabul sirara ne ƙwarai, wata uku sun toshe kamar an cusa auduga. Buɗe ta kuma sai ka kwance kusoshi fiye da goma kana addu'a kar wata igiya ta tsinke. Ta tebur fa? Ka cire murfin gefe, ka fita da ita tsakar gida ka busa, shi ke nan.

Akwai kuma maganar suna da take ruɗar mutane, kuma ni abin yana ci min rai don da shi ake cin kuɗin yara. Za ka ga an rubuta RTX 4090, sunan wata kart garafik, a jikin fortabul ka ɗauka ita ce ta tebur, alhali ta tebur tana cin wat 450 da ƙwaƙwalwa 24GB, ta fortabul 16GB ce kuma ko rabin wannan wutar ba ta samu. Ko RTX 4060 ta fortabul, wani kamfani ya ba ta wat 45 wani ya ba ta fiye da 100, suna ɗaya aiki daban. Nace wa ƙanena in ma fortabul ɗin ce to ka tambayi wat nawa kart ɗin take ci, in mai shago ya kasa faɗa maka ka duba lambar na'urar a intanet kafin ka ƙirga ko dala.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne gyara. A fortabul kart garafik da furosesa a liƙe suke da babban allon cikinta, RAM (ƙwaƙwalwar aiki) da SSD (ma'ajiyar bayanai) kawai kake iya canzawa, wasu ma RAM ɗin a liƙe take. Ranar da kart ta mutu, kusan na'urar ce ta mutu gaba ɗaya, kuma kayanta sai an aika Yamai ko Kano ko a jira mai zuwa daga Dubai. Ta tebur kuwa guntu-guntu ce, abin da ya lalace shi kaɗai za ka cire, bana ka sayi kart ta hannu baɗi ka ƙara RAM, allon AM4 da AMD ta fitar tun 2016 har yau mutane suna ɗora masa sabon furosesa suna wasa lafiya lau. Kilabiye ma, wato maɓallan rubutu, kai za ka zaɓa, mu da muka koyi rubutu da AZERTY a lakwal ba sai mun yi ta fama da QWERTY irin na kayan Kano ba.

Ban ce fortabul ba ta da rana ba. Ɗalibin da yake jami'ar André Salifou yana yawo da ita tsakanin aji da ɗaki, ko mai ɗaukar bidiyon biki da yake haɗa aiki a gidan mutane, ko wanda ɗakinsu su huɗu ne babu inda zai kafa tebur, wannan ba shi da zaɓi kuma zai ji daɗinta. Haka wanda sola ƙarama ce a gidansu, fortabul ta fi sauƙin ci. Amma ƙanena ba ya zuwa ko'ina da ita, daga shagon babanmu a kasuwar Dole sai gida, wasan ma da dare yake yi.

Ya yi shiru yana juya kofin shayi, can yace to yaya idan aka ɗauke wuta fa. Nace ka ware kuɗin ondila da regilata, mai daidaita ƙarfin wuta, tun farko, kar ka bari sai abin da ya rage, su ne za ka fara saya kafin ekaran ma, don wutar da take dawowa da ƙarfi ita take ƙona kaya. Mun rabu a kan ranar Asabar zai zo da takarda mu rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya da farashinsu a sefa da naira, ni kuma na yi masa alkawarin SSD ɗina ta 512GB da na cire bara.