Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Zuwan Babban Joji

A makon jiya na tsaya ne a inda aka mayar da ni ɓangaren masu jiran shari'a, bayan kotu ta sake ɗage zamanta. A wannan ɓangare ne mafi yawan mutanen gidan suke, kamar yadda lamarin yake a gidajen yarin Najeriya baki ɗaya, inda waɗanda ba a yanke wa hukunci ba suka fi waɗanda aka yanke wa yawa nesa ba kusa ba. Wanda aka ɗaure yana lissafin kwanakinsa yana ragewa, amma mai jiran shari'a ba shi da abin da zai lissafa, kuma wannan rashin sanin ranar fita ya fi gabzar da ake ba mu da zafin ɗaki cin rai.

A shekarar 2019 ne wannan ya faru, shekarar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali. Gandirobobi suka riƙa gyara mana baki idan muka ce fursuna, mu kuwa muka ci gaba da kwana a kan tabarmin da muka saba.

Majami'armu wani ƙaramin ɗaki ne mai benci kaɗan da ganga ɗaya wadda fatarta ta sha ɗinki. Wanda yake jagorantar sujada idan fasto bai samu shigowa daga gari ba wani dattijo ne da aka yanke wa ɗaurin rai da rai, kowa Baba yake ce masa, har gandirobobin. Yana da tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda bangonsa ya daɗe da cirewa, kuma da ɗinkin ya kwance sai ya raba shi kashi-kashi, ya naɗe kowane kashi a ledar burodi, yana ba ɗakuna aro. Ɗakinmu ya samu Farawa da Fitowa, ɗakin da ke kusa da mu ya samu Zabura, kuma duk ranar Lahadi a yi musanya. Da ya ji cewa ni malamin firamare ne daga wajen Zariya, sai ya ce mini Wusasa ce ta ba su wannan littafi, domin Dokta Walter Miller, ɗan mishan da ya yi aiki a yankin Zariya, yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar farko da ta fito cikakkiya a 1932. Daga ranar ya ɗora mini karatu a gaban jama'a, saboda idonsa ya fara rauni.

Dole in faɗi gaskiya game da cikar da majami'ar take yi. Ranar da matan zumunta suka zo daga gari da sabulu da garin kwaki da man shafawa, ba a samun wurin zama. Ban ga laifin kowa ba a nan, don wanda ƙaiƙayi ya hana shi barci yana da hujjar bin sabulu duk inda yake. Haka kuma addu'o'inmu kusan duk iri ɗaya ne: Ubangiji ya taɓa zuciyar alƙali, Ubangiji ya sa a sami mai tsaya wa mutum beli, Ubangiji ya sa fayil ya fito. Da labari ya bazu cewa babban jojin jiha zai kawo ziyarar da yakan sallami waɗanda suka daɗe ba a yi musu shari'a ba, sai azumi da addu'ar dare suka ƙaru, kuma kowa ya ɗauko labarin Bulus da Sila a kurkukun Filibi, inda suna cikin waƙar yabon Allah girgizar ƙasa ta buɗe ƙofofi da tsakar dare.

Baba bai hana kowa ba, amma ana gobe ziyarar sai ya ce in karanta Ayyukan Manzanni sura 16 har ƙarshe, kada in tsaya inda muka saba tsayawa. Da na gama ya tambaye mu abin da Bulus ya yi bayan ƙofar ta buɗe. Aka yi shiru, domin Bulus bai gudu ba, ya tsaya ne ya hana yari kashe kansa, kuma kafin gari ya waye an yi wa mutumin da iyalinsa baftisma. Baba ya ce, "'Ya'yana, sun yi waƙar ne tun ƙafafunsu suna cikin turu, ba su san za a yi girgizar ƙasa ba."

Washegari aka fito da mu fili muka zauna a rana, aka kira sunaye, aka sallami waɗanda Allah ya nufa, yawancinsu masu ƙananan laifuffuka da suka riga suka zauna fiye da abin da za a ɗaure su da an same su da laifi. Sunana bai fito ba. Lahadin da ta biyo baya benci biyu ma ba mu cika ba, kuma wani da ya fi kowa ɗaga murya a addu'ar dare ya ce mini a fili ya gama da wannan harka.

A ganina, ikilisiyar gidan ta ainihi daga wannan Lahadi ta soma. Waɗanda suka rage ba su da wani ciniki da ya saura tsakaninsu da Allah, sai aka fara yin tambayoyin da ba a yi a da. Muka koma labarin Yusufu, muka daɗe a kan ayar da ta ce shugaban masu shayarwa na Fir'auna ya manta da shi, da shekaru biyu cur da suka biyo baya, waɗanda Littafin bai faɗi komai a kansu ba. Wani mai bishara da yake shigowa daga gari ya ba mu labarin Charles Colson, mashawarcin Shugaba Nixon na Amurka, wanda aka ɗaure a 1974 saboda badaƙalar Watergate, ya yi wata bakwai, ya fito ya kafa ƙungiyar Prison Fellowship mai hidima ga fursunoni a 1976. Labarin ya burge matasa, amma Baba ya ce wata bakwai ai baƙunta ce, aka yi dariya.

Canjin da na gani da idona a wurin wani saurayi ne da ake tuhuma da satar babur, wanda tun zuwansa yake rantsuwa cewa sharri aka yi masa. Bayan mun karanta wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon, wadda ya rubuta yana ɗaure a kan bawan nan Unisimas da ya gudu daga ubangidansa, har ya ce in akwai bashi a ɗora a kansa, sai yaron ya same ni da dare ya ce, "Malam, ni na ɗauki babur ɗin." Na tuna masa cewa maganar tana iya ja masa ɗauri. Ya ce ya sani. Daga lokacin ya daina faɗa a layin abinci, kuma da azumin watan Ramadan ya zo, shi ne yake ɗebo wa wani tsoho Musulmi da ke ɗakinmu ruwan alwala, ya ajiye masa rabonsa na abinci a rufe har a sha ruwa.

Da na kai wa Baba maganar, sai ya ce kada a yi gaggawar yi masa baftisma, a bari ya fara neman gafarar mai babur ɗin tukuna, tun da mutumin ɗan acaɓa ne kuma da wannan babur yake ciyar da iyalinsa. Yaron bai iya rubutu ba, saboda haka aikin wasiƙar ya faɗo kaina. Yadda muka rubuta ta, da yadda ta fita daga gidan, da amsar da ta dawo, su ne zan kawo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.