Igiyar da ta ɗauko mana kofi

Shekara shida ke nan ina horar da yaran unguwarmu ƙwallon ƙafa a Mabera, cikin Sakkwato, kuma sau ɗaya tak muka ɗauki kofin gasar unguwanni. A shekarar da muka ɗauka, ba mu da ɗan wasan da za a nuna da yatsa a ce ga gwani.

Gwanin muna da shi a shekarar da ta gabace ta. Lamba goma ne, bahago, kafin ya ɗaga kai ya yanke mutum uku. Har daga Gawon Nama da Runjin Sambo ake zuwa kallonsa. A kansa na ɗora komai: ku ba shi ƙwallo, ku ba shi wuri. Ranar da aka fitar da mu shi kaɗai ya ci uku, aka zura mana huɗu, kuma duk ta ƙofa ɗaya suka shigo. Lamba biyu ya hau gaba bai dawo ba, lamba biyar ya fita toshe gurbinsa, tsakiya ta buɗe wayam. Gwanin ba shi da laifi. Ni ne ban koya wa sauran goman komai ba.

Wani dattijo mai gyaran babur, wanda ya buga ƙwallo a filin Giginya a zamaninsa, ya tare ni bayan magariba. Ya ce, "Yaro, mi kaka koya musu in ƙwallo ba ta ƙafarku?" Na ce, "Baba, sai dai su bi ta su ƙwato." Ya ce to nan aka ci ni, domin kowa ya bi ƙwallo, wa aka bar wa gida? Shi ya ba ni shawarar igiya.

Da gwanin namu ya tafi karatu, sai na sayo igiya a kasuwa, na ɗaura wa 'yan baya huɗu a ƙugu, taku goma tsakanin kowane biyu. Idan ɗaya ya fita tarar mai ƙwallo, igiya ta ja sauran su rufe bayansa. Idan wani ya tsaya kallo, 'yan uwansa su ji a jikinsu. Makon farko faɗuwa kawai suke yi cikin ƙura, masu wucewa na dariya. Da aka yi wata guda na kwance igiyar, amma tafiyar ta zauna musu. Daga nan na koma kan 'yan gaba, wanda ya fi wuya, don yaro mai lamba tara yana ganin bin mutum ƙasƙanci ne. Dokar ɗaya ce: wanda ya zubar da ƙwallo shi ne farkon mai binta, ba ya tsayawa riƙe ƙugu. Mai tsaron gida kuwa na ce kada bakinsa ya rufu, tunda shi kaɗai ke ganin fili gaba ɗaya.

Sun yi ƙorafi, suka ce wannan ba ƙwallo ba ce. Sai na riƙa tuna musu abin da suka sani daga gidan kallo. A 2004 Girka ta doke Faransa da ci ɗaya, ta doke Fotugal mai Figo da Ronaldo a wasan ƙarshe, a gidansu, da ci ɗaya. Sifen da ake yabo da iya raba ƙwallo, biyu kacal aka zura mata a Kofin Duniya na 2010, kuma wasanninta huɗu na ƙarshe duk ɗaya da nema ta ci su. Wanda ya fi shiga kunnensu shi ne namu: a gasar Afirka da aka buga a farkon 2024, Osimhen ƙwallo ɗaya ya ci, amma Najeriya ta kai wasan ƙarshe, a hanya ta yi wasa huɗu a jere ba a taɓa ragarta ba, kuma ɗan baya, Troost-Ekong, aka ba gwarzon gasar.

A tamu gasar wasa shida muka buga, ƙwallo biyu kacal aka zura mana. A wasan ƙarshe lamba huɗu ya ci mana da kai a bugun kwana tun kafin hutu. Minti goma sha biyar na ƙarshe ba mu tsallaka tsakiyar fili ba. Lamba taranmu, wanda ya fi kowa ƙin igiya, shi ya cire ƙwallo a kan layi da goshinsa, ya tashi yana yi wa 'yan baya tsawa su matso.

Bana gwanin ya dawo hutu, ya ce, "Koci, zan buga." Na ce da murna, na miƙa masa igiya. Ya ɗan dube ni, sannan ya ɗaura ta tsakanin lamba uku da lamba biyar.